Mai laimar sauka: in ragowar ƙarfin sama take kallo, me ya sa bai koma sama ba?

Ummi_SS3:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu fiziks a taimaka min, tun bayan la'asar nake fama da tambaya ɗaya har an kira isha'i. Ga ta: wani mutum ne ya diro daga jirgin sama da laimar sauka. Shi da kayansa kilo 80 ne. Bayan laimar ta buɗe, iska tana tura shi sama da ƙarfin 1200 N (N ɗin Niyuton ne, ma'aunin ƙarfi). An ce a ɗauki g, wato ƙaruwar gudun abin da ƙasa ke janyowa, a matsayin 10 m/s², a nemo ragowar ƙarfin da ke kansa, sannan a nemo raguwar gudunsa. Ni na raba 1200 da 80 na samu 15. Ƙawata ta samu 25. A bayan littafi kuma 5 aka rubuta. Gobe Malam zai karɓi littattafai, kuma shi ba ya karɓar amsa tsirara, sai ya ga hanyar da ka bi.

Abba Lissafi:
Wa alaikumus salam. Littafin ne da gaskiya. Kin manta da nauyin mutumin ne kawai. Nauyinsa 80 sau 10, wato 800 N, yana ja ƙasa. Iska 1200 N, tana turawa sama. Tunda gaba da juna suke yi, ɗebewa ake yi: 1200 a cire 800, saura 400 N, ɓangaren sama. Sai ki raba 400 da 80, ki samu 5 m/s². Ƙawarki haɗa su ta yi ta samu 2000, shi ya kai ta 25. Ke kuma kin yi kamar ƙasa ta daina jan sa ranar da laima ta buɗe.

Ummi_SS3:
Na gode Yaya Abba, lissafin ya fita. Amma fa kaina ya ƙara ɗaurewa. In har ƙarfin da ke tura shi sama ya fi wanda ke jan sa ƙasa da 400 N, ai sama ya kamata ya tafi. Yaya za a ce wanda ya fi ƙarfi yana sama amma mutum yana ta faɗowa?

Ɗan Fagge:
Ai kuwa sama yake komawa ƙanwata. Ki duba bidiyon masu dirowa daga jirgi a YouTube. Da zarar laimar ta buɗe za ki ga an fizge mutum sama kamar an ja shi da ƙugiya. Gani ya kori ji.

Bashir Injiniya:
Ɗan Fagge, a nan dai ganin ne ya yaudare ka. Wa ke riƙe da kyamarar? Wani mai dirowa ne shi ma, kuma bai buɗe tasa laimar ba tukuna. Shi yana ci gaba da faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, abokinsa kuwa ya rage gudu, sai ya bar shi a sama. Kamar kana cikin mota a hanyar Zariya, ku biyu kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗayar motar ta taka burki. In ka leƙa ta taga za ka ga kamar baya take komawa, alhali gaba take yi, gudunta ne ya ragu.

Ɗan Fagge:
To fa. Shekara nawa ina faɗa wa mutane haka a majalisa.

Malam Garba Fiziks:
Ummi, tambayarki ta biyu ta fi ta farko daraja, kuma ita ce wadda ɗalibaina suke faɗawa cikinta duk shekara. Matsalar ita ce zuciyarmu ta riga ta yanke hukunci cewa inda ƙarfi ya nufa nan abu yake tafiya. Dokar Niyuton ta biyu ba haka ta ce ba. F = ma, wato ragowar ƙarfi (F) daidai take da kilon abu (m) sau a, ba ta ambaci gudu ba, a ɗin nan canjin gudu ne. Ragowar ƙarfi tana gaya miki yadda gudun abu yake canzawa, ba ta gaya miki inda abin ya dosa.

Ki ɗauki misalin da Bashir ya kawo. Direba ya taso daga Kano ya nufi Zariya, ya zo Kwanar Dangora ya taka burki. A wannan lokacin ina motar take tafiya? Wajen Zariya. Ina ƙarfin burki yake jan ta? Wajen Kano. Shin ta juya ta koma Kano? A'a, gudunta ne yake zaftarewa. Mai laimarki ma haka. Kafin laima ta buɗe ya riga ya tara gudu mai yawa wajen ƙasa. Wannan 400 N ɗin aikinta ta riƙa gutsurar gudun nan, mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. In yana faɗowa da 20, bayan daƙiƙa ɗaya zai koma 15, kuma har yanzu ƙasa ya nufa.

Abin da nake so ki yi gobe kafin ki rubuta ko lamba ɗaya: zana ɗigo, shi ne mutumin. Ja kibiya ƙasa ki rubuta 800. Ja wata sama, ta ɗan fi tsawo, ki rubuta 1200. Sannan can gefe, nesa da ɗigon, ki ja kibiya ta uku mai nuna inda yake tafiya. Kada ki bari ta ukun nan ta taɓa ɗigon, don ita ba ƙarfi ba ce.

Ummi_SS3:
Allah ya saka da alheri Malam. Misalin Kwanar Dangora ya shige ni. Amma in ya ci gaba da rage 5 duk daƙiƙa, ai zai kai sifili, daga nan kuma ya fara hawa?

Malam Garba Fiziks:
Da 1200 ɗin za ta tsaya cak a 1200, da haka ne. Amma ba ta tsayawa. Bari Bashir ya yi wannan, fagensa ne.

Sani Maganaɗisu:
Ni abin da na sani shi ne maganaɗisun ƙasa shi ke jawo komai, laima ko babu laima.

Hafsat Kimiyya:
Malam Sani, don Allah mu daina ce masa maganaɗisu. Na san har a rediyo ana faɗa, amma abu biyu ne daban. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ka kai shi kusa da mangwaro ko ƙwallon goruba ka gani ko zai motsa su. Amma mangwaro yana faɗowa daga bishiya. Ƙasa tana da maganaɗisu kam, shi ne ke juya allurar kamfas, amma ba shi ke faɗo da mai laima ba. Ni janyowar ƙasa nake cewa.

Sani Maganaɗisu:
Hajiya Hafsat kin taɓa min suna fa. Shekara goma ina amsa shi a zauren nan.

Hafsat Kimiyya:
Sunan naka ne, ba mai ƙwace maka. Kalmar ce dai ba ta dace da wurin ba.

Bashir Injiniya:
Malam ya miƙo min, to bismillah. Turjiyar iska ba lamba ɗaya ba ce da aka manna wa mutum. Da gudu take tafiya, kuma ga abu babba kamar mutum, ninkin gudun sau kansa take bi. In gudu ya ninka biyu, turjiya ta ninka huɗu. In ya ragu zuwa rabi, ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota ya san wannan a jikinsa.

Saboda haka da mai laima ya fara rage gudu, 1200 ɗin za ta sauko 1100, ta sauko 900, tana matsowa kusa da 800. Da ta yi daidai da nauyinsa, ragowar ƙarfi ta zama sifili, gudu ya daina canzawa. Ba tsayawa zai yi a iska ba, zai ci gaba da saukowa da gudu ɗaya har ya taka ƙasa. Shi ya sa ba zai taɓa kai sifili ba, balle ya hau.

Kuma ga wani abu da masu rubuta irin wannan tambayar ba sa faɗa. Mu ce laimar tasa tana sauke shi a kan mita 5 a daƙiƙa, wanda shi ne kusan abin da ake sauka da shi lafiya. Ke nan a gudun 5 turjiya 800 ce, wato 32 sau 25. To yaushe za ta zama 1200? Lokacin da gudunsa yake kusan 6.1. Ma'ana hoton da tambayar Ummi ta ɗauka na ƙarshe-ƙarshen ragewar ne, an kusa gama aiki. Da a ce laimar nan za ta buɗe gaba ɗaya lokaci guda yana kan gudun 50, lissafi zai ba ka 32 sau 2500, wato 80,000 N, nauyinsa sau ɗari. Ba jikin da zai ɗauki wannan, igiyoyin ma ba lallai su ɗauka ba. Shi ya sa ake ƙera laimar ta riƙa buɗewa a hankali. Akwai wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ke riƙe igiyoyin a tattare, yana zamewa ƙasa sannu a hankali yana barin laimar ta bazu.

Abba Lissafi:
Injiniya ka tafi da yarinya jami'a tun ba ta gama sakandare ba. Ummi, ki rubuta 400 N da 5 m/s² ki kwanta.

Bashir Injiniya:
Ita ta tambaya ai. Kuma matambayi ba ya ɓata.

Baba Iro Mai Rijiya:
Ni ban yi boko mai nisa ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan, amma wannan magana na gane ta da tafin hannuna. Shekara da shekaru ina jan ruwa. Wata rana ina jawo guga cike, ya kusa baki, sai igiya ta kuɓuce min saboda ta jiƙe. Gugan ya tafi. Ni kuma da ƙuruciya sai na damƙe igiyar gam lokaci ɗaya. Wallahi ji na yi kamar an ɗaura min jaki a hannu. Kafaɗata ta yi ƙara, na durƙusa a bakin rijiya, Allah ne ya sa akwai itacen da aka gitta na dafe shi. Gugan da nake ɗagawa da hannu ɗaya kullum, ranar ya kusa tafiya da ni. Daga nan tsofaffi suka koya min: in guga ya kuɓuce, kada ka damƙe, ka matsa igiyar kaɗan-kaɗan tana zamewa har ya tsaya. Hannu zai ɗan sha zafi, amma kai kana nan. To ku masu lissafi, ina gugan ya samo wannan nauyin? Ruwan dai shi ne, bai ƙaru ba.

Malam Garba Fiziks:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan labarin naku ya fi laimar littafi, don shi kowa ya san shi. Bari mu sa masa lamba. Mu ce gugan da ruwansa kilo 20, nauyinsa 200 N. Ya kuɓuce ya faɗa kamar mita 1.8 kafin ku kama, gudunsa ya kai mita 6 a daƙiƙa. Da kuka damƙe, mu ce cikin santimita 30 ya tsaya. Raguwar gudun ita ce 36 a raba da 0.6, wato 60 m/s². Kilo 20 sau 60 ya ba da 1200 N, wannan ragowar ƙarfi ce kawai. Igiya kuwa sai ta biya wannan, ta kuma biya nauyin gugan 200. Jimilla 1400 N a hannunku, kamar an rataya muku kilo 140, buhun siminti uku ba kaɗan. Jakin da kuka ji ke nan.

Da kuka bi maganar tsofaffi kuka bar igiyar ta zame mita 3, raguwar gudu 6 ce kacal, igiya kuma 320 N za ta ɗauka. Guga ɗaya, ruwa ɗaya, gudu ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne tazarar da aka ba shi ya tsaya.

Ummi ki lura: a hannun Baba igiya ta fi nauyin guga ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a cikin santimita 30 ɗin nan gugan ƙasa yake tafiya.

Baba Iro Mai Rijiya:
Buhu uku! Shi ya sa na yi sati biyu ba na iya ɗaga hannu in sa riga.

Issoufou Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Mu a nan Nijar da Faransanci muka karanta wannan, harafin P muke ba nauyi, kuma da waƙafi muke rubuta 9,81 ba da ɗigo ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne 10 ɗin nan. In an sa 9,81 nauyin zai zama kusan 785 N, ragowar 415 N, amsa kuma kusan 5,2. Ba za a ci ɗalibi da wannan ba?

Abba Lissafi:
Ɗan'uwa, tambayar ce ta ce a ɗauki 10, kuma a jarrabawarmu ta WAEC ana yawan rubuta hakan a ƙarshen tambaya don sauƙin lissafi. Abin da aka ba ka shi za ka bi.

Hafsat Kimiyya:
Kuma 9.81 ɗin ma ba namu ba ne in za a bi diddigi. g yana ɗan canzawa daga wuri zuwa wuri: kusan 9.78 a layin tsakiya da ya raba duniya arewa da kudu, kusan 9.83 a ƙuryar arewa da kudu. Kano da Damagaram suna kusa da tsakiya, namu ya fi kusa da 9.78. Don haka kowa kusantowa yake yi, mai 10 dai ya fi nisa.

Nura Poli:
Ni inda nake da ja shi ne alamar. Abba ya ce 5. A ajinmu an koya mana a ɗauki ƙasa a matsayin tabbatacce, wato ɓangaren +, tunda can abin yake tafiya: 800 a cire 1200 ya ba da −400, a raba da 80 ya ba da −5. To amsar −5 ce.

Abba Lissafi:
In ƙaruwar gudu aka tambaya, −5 daidai ne a tsarinka. Amma raguwar gudu aka tambaya. Kalmar raguwa ta riga ta ɗauke alamar. In ka ce raguwar −5, kamar ka ce bashin da ake bin ka ya ragu da ɗebe biyar ne, wato ƙaruwa ya yi.

Nura Poli:
Na taɓa rasa maki saboda ban sa alamar ba, shi ya sa yanzu ko'ina na ga abu yana rage gudu sai na manna ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malam Garba Fiziks:
Ku duka kuna da hujja. Ni a takardun ajina, wanda ya rubuta a sama cewa ya ɗauki ƙasa tabbatacce, ya samu −5, sannan ya rufe da jimla cewa raguwar gudun 5 m/s² ce, cikakken maki nake ba shi. Wanda nake ragewa shi ne mai jefo alama ba tare da ya faɗi ɓangaren da ya zaɓa ba. Kuma Nura, ka kiyayi ɗabi'ar nan ta cewa ɗebewa kullum rage gudu take nufi. In ka ɗauki sama tabbatacce, dutsen da ka saki daga bene yana da −10, kuma gudu yake ƙarawa.

Nura Poli:
Na ji Malam, amma ni dai ba zan daina sa ta ba.

Ɗan Fagge:
Tambaya daga gefe. In mai ƙiba da siriri suka diro tare, wa zai riga isa? Don an ce mana wai Galileyo ya ce tare za su iso.

Hafsat Kimiyya:
In babu iska, tare. An ma gwada a duniyar wata a 1971, lokacin tafiyar Apollo 15. David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu lokaci ɗaya, suka taɓa ƙasa tare, don can babu iskar da za ta riƙe gashin. Amma a nan inda iska take, mai nauyi yana buƙatar turjiya mai yawa kafin ta yi daidai da nauyinsa, don haka sai ya kai gudu mafi yawa kafin ya daidaita. In laimarsu iri ɗaya ce, mai ƙiba zai riga sauka.

Sani Maganaɗisu:
Ni fa maganar zuwa wata ɗin nan har yanzu da sauran bayani.

Shugaban Zaure:
Malam Sani, wancan zancen mun yi shi wata biyu da suka wuce har mutum uku suka fita daga zaure. A tsaya kan tambayar Ummi.

Bashir Injiniya:
Ga wani misali na gaske da zai ƙarfafa abin da Malam ya faɗa, kuma babu ma laima a ciki. A watan Oktoba na 2012 Felix Baumgartner, ɗan ƙasar Ostiriya, ya diro daga kusan kilomita 39 a sararin jihar Niyu Meziko ta Amurka. Can sama iska ba ta da kauri, sai ya yi ta ƙara gudu har ya wuce kilomita 1,300 a awa, ya zarce gudun sauti. Da ya sauko inda iska ta yi kauri, turjiya ta fi nauyinsa, sai gudunsa ya riƙa raguwa tun bai taɓa igiyar laima ba. Mutum yana faɗowa da gudun da ya fi na jirgin fasinja, amma ragowar ƙarfin da ke kansa sama take kallo.

Game da abin da jiki zai iya ɗauka kuwa, wani likitan sojan saman Amurka, John Stapp, ya hau wata kujera mai roka a kan dogo a 1954 aka tsayar da shi da raguwar gudu da ta kai g sau 46. Ya rayu, amma idanunsa sun cika da jini, ya ɗan jima ba ya gani. Ku kwatanta da sau ɗarin da na lissafa ɗazu.

Maman Khalil:
Ni ba ɗaliba ba ce, don yarana nake bin zauren. Amma wannan ya tuna min da muna yara in za a kaɗo mangwaro. Ɗaya ya hau, biyu su riƙe zani a ƙasa. In aka ja zanin ya yi tauri, mangwaron sai ya yi tsalle ya faɗi ƙasa ya fashe. In aka ɗan sassauta, sai ya nutse a ciki lafiya lau. Ashe fiziks muke yi ba mu sani ba. Haka wayata, ta faɗi a katifa sau ba adadi ba abin da ya same ta, ranar da ta faɗi a kan tayil daga kan kujera kawai, gilashin ya tafi.

Auwal Tsohon Ɗan Kwana:
Maman Khalil kin taɓo min tabo. Muna aji huɗu a makarantar kwana, ba zan faɗi sunanta ba, muka tsallaka katanga da daddare za mu sayo tsire. Abokina ya dira ya durƙusa kamar kwaɗo, ya tashi ya kakkaɓe wando. Ni kuma don kada wandona fari ya ɓaci na dira a miƙe, ƙafa a sandare. Zafin da na ji ya taso daga dunduniya har ƙeya. Tsiren da ban ci ba ke nan, a kafaɗa aka dawo da ni, da safe kuma ga bulala. Malam a lissafa min nawa na ɗauka.

Abba Lissafi:
Bari in hutar da Malam. Mu ce kilo 60 kake a lokacin, katangar kuma mita 1.25, ka iso ƙasa da gudun mita 5 a daƙiƙa. Da ƙafa a sandare mu ce cikin santimita 5 ka tsaya: 25 a raba da 0.1, raguwar gudu 250 m/s². Sau 60 ya ba da 15,000 N, a ƙara nauyinka 600, ƙasa ta doke ka da 15,600 N. Abokinka da ya lanƙwasa gwiwa ya tsaya cikin santimita 50: raguwar gudu 25, ƙasa ta tura shi da 2,100 N. Kai ka sha kusan sau bakwai da rabi na abin da ya sha, saboda farin wando.

Auwal Tsohon Ɗan Kwana:
Kuma wandon ya ɓaci duk da haka.

Nura Poli:
Abba, a lissafin Auwal me ya sa ka ƙara 600? Ɗazu a na laima ɗebewa ka yi.

Abba Lissafi:
Jimla ɗaya ce, abin da ake nema ne ya canza. Ƙarfin sama a cire nauyi daidai yake da m sau a. A tambayar Ummi an ba mu ƙarfin sama, muna neman a, sai muka ɗebe. A ta Auwal da ta Baba Iro mun san a, muna neman ƙarfin sama, sai nauyin ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya zama ƙari. In ka haddace "a ɗebe" ko "a haɗa" ba tare da zanen ba, ranar da aka juya tambayar za ka bi sahun ƙawar Ummi.

Issoufou Damagaram:
Wani abu kuma da nake gani yana rikita yara shi ne kalmar nauyi. A kasuwa in ka ce nauyin buhu, kilo za a faɗa maka. A aji kuma a ce nauyi da N ake auna shi, kilo na wani abu ne daban. Da Hausa me za mu ce wa na kilo ɗin?

Hafsat Kimiyya:
Ni mas nake cewa kawai, kamar yadda muka ari kilo da mita. Mas ɗin mai laima 80 ne ko a Kano ko a duniyar wata. Nauyinsa ne zai sauka daga 800 N zuwa kusan 130 N a can, don g ɗin wata kusan 1.6 ne.

Malam Garba Fiziks:
Na gwada "yawan jiki" a aji, yara suka yi ta dariya suna nuna mai ƙibar cikinsu. Na koma mas.

Sani Maganaɗisu:
To in za a ari mas, me ya hana a bar min maganaɗisuna?

Ummi_SS3:
Na dawo. Na yi zanen kamar yadda Malam ya ce, kibiya biyu a jikin ɗigo, ta uku a gefe. Na rubuta na ɗauki sama tabbatacce, 1200 − 800 = 400 N sama, a = 5 m/s² sama, tafiya kuma ƙasa, saboda haka raguwar gudu ce. Na tura wa ƙawata hoton, ta ce ita har yanzu gani take in laima da nauyi duk a jikin mutum ɗaya suke aiki, haɗawa ya kamata a yi. Na ce ta shigo zauren ta karanta labarin Baba Iro.

Amma na juya shafi na ga tambayar tana da kashi na biyu. Wai in yana faɗowa da 50 m/s lokacin da laimar ta buɗe, daƙiƙa nawa zai ɗauka ya sauko 5 m/s. Na cire 5 daga 50 na raba da 5 na samu 9. Sai na tuna Yaya Bashir ya ce 1200 ɗin ba ta tsayawa. In rubuta 9 ko in rubuta abin da ya ce?

Abba Lissafi:
Rubuta 9. Tambayar ta ɗauka ƙarfin bai canza ba.

Bashir Injiniya:
Rubuta 9, amma ki ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa wannan in an ɗauka turjiyar ba ta canzawa ne. Don laimar da ke ba da 1200 N kacal a gudun 50, a gaske a kusan 41 za ta daidaita, ba za ta taɓa kawo shi 5 ba. Ni ba zan hau jirgi da ita ba.

Nura Poli:
Kada ki ƙara komai. Wani malamin in ya ga ka fi shi sani sai ya nemi inda zai rage maka.

Malam Garba Fiziks:
Nura, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ummi, ƙara layin, da fensir in kina tsoro.

Baba Iro Mai Rijiya:
Malam, in an gama da yarinyar, ina da wata. Guga in yana cikin ruwa ba shi da nauyi, da ya fito sai ya yi nauyi. Shi ma a lissafa min, amma sai da safe, yanzu an ɗauke wuta kuma cajina saura kaɗan.